Bawul mai shigar da iska: yadda yake aiki da yadda ake ɗaura shi a bututun ruwan datti

Akwai gidan da za ka shiga ka tarar an kashe kuɗi a tayil da fenti, banɗaki fes, amma da zarar an saki ruwa a kwamin wanke hannu sai ka ji bututu na ƙugi, ƙulu-ƙulu-ƙulu, jim kaɗan kuma wari ya taso kamar an buɗe murfin sokawe a tsakar ɗaki. Uwargida ta zuba tafasasshen ruwa, ta bi da maganin wanke masai, ta kunna turaren wuta, washegari warin na nan daram. Sau da yawa laifin na iska ne: bututun ba shi da inda zai shaƙa. Ɗaya daga cikin magungunan wannan matsala shi ne ɗan bawul na roba, bai wuce cikin tafin hannu ba, mai shigar da iska cikin bututu, wanda ake rubuta AAV, wato taƙaitaccen sunansa na Turanci, a jikin kwalinsa. Yana aiki sosai idan an sa shi inda ya dace. Idan kuma aka ɗora masa aikin da ba nasa ba, asarar kuɗi ce kawai.

Abin da ya haɗa ruwan datti da iska

Leƙa ƙarƙashin kwamin wanke hannu ko na wanke-wanke a kicin. Za ka ga bututun ya lanƙwashe ya yi ƙasa sannan ya sake hawa, ko kuma ka ga wani abu mai siffar kwalba. Wannan shi ne tarko. Aikinsa riƙe ɗan ruwa a kowane lokaci, mai zurfin santimita 5 zuwa 10, kuma wannan ɗan ruwan shi kaɗai ne ya shiga tsakanin hancinka da iskar da ke cikin sokawe. Ruwan da kake gani kwance a gindin masai ma tarko ne, an dai gina shi a jikin tangaran ɗin.

Iskar da ake tarewa ba ta wasa ba ce. Akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a cikinta, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin mutum sannan ta kashe shi kansa, shi ya sa ake samun masu yasar sokawe suna faɗuwa a ciki. Akwai kuma wadda take kama wuta. Ga kyankyasai da sauro da ke bin duk bututun da suka samu a bushe.

To me ke kwashe ruwan tarko? Lokacin da aka saki ruwa mai yawa gaba ɗaya, yakan cika faɗin bututun ya gangara a dunƙule. Yana tafiya yana barin gurbi a bayansa, gurbin kuma dole iska ta cike shi. Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madarar ruwa ya san zancen: da huda ɗaya madarar na fita da ƙyar tana tsayawa, sai an yi ta biyu a ɗaya gefen take zuba sumul. Bututun da ba shi da huda ta biyu zai nemi iska ta ƙofa mafi kusa, wato ta cikin tarko. Sai ya zuƙe ruwan tarkon ya tafi da shi, ƙugin da kake ji kuwa ƙarar iska ce tana ratsa ragowar ruwan. Wani lokaci kwamin ne ke zuƙe tarkon kansa. Wani lokaci kuma masai ne aka kora a ɗakin kusa, ruwan ya wuce ta babban bututu ya ja tarkon kwamin da ba a ma taɓa ba.

Ƙarfin da ake buƙata don a yi wannan ɓarna ƙanƙani ne ƙwarai. Dokar aikin famfo da jihohi da yawa na Amurka ke bi, wadda ake kira IPC, ta ce kada bambancin matsin iska a kan tarko ya wuce na ruwa mai zurfin inci 1, wato kusan santimita 2.5. A Ingila ƙa'idar gini ta ce bayan an gwada, dole a samu aƙalla milimita 25 na ruwa ya rage a kowane tarko.

Maganin asali shi ne bututun iska: a ɗauko shi daga bayan tarko, a haura da shi har ya huda rufi, bakinsa a buɗe. Yana shigar da iska, yana kuma fitar da ita. Matsalarsa ita ce ba ko'ina yake yiwuwa ba. Kwamin da aka gina a tsakiyar kicin ba shi da bangon da bututu zai bi. Banɗakin da aka ƙara daga baya a ƙasan bene, kafin a kai bututu sama sai an fasa dakali an huda kwano, kuma kowace huda a kwano wata ƙofar yoyo ce idan damina ta kama. Irin wannan ne ya sa wani ɗan ƙasar Suwidin, Sture Ericson, ya ƙirƙiro bawul ɗin a farkon shekarun 1970. Daga can ya bazu zuwa sauran Turai da Amurka. Sunayen da aka fi sani a kasuwa su ne Studor da Durgo da Oatey, har ma a Ingila masu aikin famfo da yawa Durgo suke kiran kowane iri.

Abin da ke cikinsa

Idan ka fasa ɗaya, za ka yi mamakin ƙarancin kayan ciki. Babu lantarki, babu batir, a nagarin ma babu sifirin. Gangar jiki ce ta roba, da ƙananan tagogi masu raga a gefe ko a ƙarƙashin hula, sai wani ɗan faifai mara nauyi mai leɓen roba mai laushi, yana zaune a kan wani zobe. Iskar ɗaki tana ƙarƙashin faifan, iskar bututu tana samansa.

Idan babu ruwan da ke gudu, nauyin faifan ne ke zaunar da shi a kan zoben, ƙofa a rufe. Da an saki ruwa, matsin cikin bututu ya faɗi ƙasa da na ɗaki, sai iskar ɗaki ta ɗaga faifan ta kutsa ciki. Ana ƙera shi ya buɗe da zuƙar da ba ta kai ta ruwa santimita 1 ba, don haka yakan riga tarko motsawa. Ruwa na gama wucewa, matsi ya daidaita, faifan ya koma mazauninsa. Idan kuwa iskar sokawe ce ta turo daga ciki, tana ƙara danne faifan ne, ƙofar na ƙara rufuwa.

Daga wannan bayani kaɗai za ka iya fitar da kusan duk ƙa'idojin ɗaura shi. Tunda nauyi ke rufe shi, dole ya tsaya a miƙe. Tunda iskar ɗaki yake sha, ba a toshe shi cikin siminti. Tunda leɓen roba ne ke tare wari, ƙwayar yashi ɗaya a kan zoben ta isa ta lalata aikin.

Abin da ba zai iya ba

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan ne zancen ya fi shafar mu. Bawul ɗin ƙofar shiga ce kawai. Ba ya fitar da komai.

Ruwan da ke gangarowa daga bene ba gurbi kaɗai yake bari a baya ba, yana kuma tura iskar da ke gabansa. Idan iskar nan ba ta samu mafita ba, sai ta ɓullo ta tarkon da ke ƙasa. Alamarta ita ce ka ga ruwan masan ƙasa na kumfa ko yana tsalle duk lokacin da aka kora na sama. Ko bawul goma ka jera, wannan ba za ta daina ba.

Sannan ga sokawe. A biranen Turai da Amurka gidaje da yawa suna zuba ruwansu ne a babbar magudanar gari. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, kusan kowane gida mai masan zamani da raminsa yake, ramin kuma dare da rana yana haifar da iska yayin da ƙazanta ke ruɓewa, balle a watannin zafi. Iskar nan dole ta fita ta wani wuri. Idan ka cire bututun iskan da ke kan ramin ko wanda ya haura rufi, ka maye gurbinsa da bawul don kana ƙyamar ganin dogon bututu a jikin bango, ka rufe tukunya ne tana tafasa, kuma ta cikin banɗakinka za ta yi numfashi. Ko a Amurka, dokar IPC da ta yarda da bawul ɗin ta shar'anta cewa kowane gida ya kasance da aƙalla bututun iska ɗaya da ya fita waje a buɗe. Ta kuma hana a yi amfani da shi a kan ramin tara ruwan datti mai injin turawa, sai in injiniya ne ya tsara. Ɗaya dokar da wasu jihohin ke bi, UPC, ta fi wannan tsauri a kansa.

Saboda haka kafin ka je kasuwa, zagaya bayan gida ka duba. Akwai bututun da ya tashi daga sokawe ko daga babban bututun masai ya haura sama? Bakinsa a buɗe yake, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki? Ya wuce tagogi? Ƙa'idar Ingila ta ce bakin ya ɗara duk wata taga ko ƙofa da ke cikin mita 3 da shi da aƙalla santimita 90. A gidajenmu sau da yawa za ka ga an datse shi daidai tagar ɗakin kwana, ana ta zargin banɗaki alhali warin ta taga yake shigowa. In babu wannan bututu, shi za ka fara yi. A ɗaura masa raga a baki saboda sauro.

Tabbatar da cutar kafin sayen magani

Ba kowane wari ne na zuƙar tarko ba. Fara da mafi sauƙi: akwai tarkon ma kuwa? Ana yawan haɗa kwami da wannan farar tiyo mai tattarewa, a zura ta kai tsaye cikin bututun da ke ƙasa ba lanƙwasa ko ɗaya. Ramin ruwan da ke daɓen banɗaki shi ma sau da yawa rami ne kawai da murfin ƙarfe. Irin wannan tarko yake buƙata, bawul ba shi da abin da zai tsare.

Sai bushewa. Banɗakin baƙi da ake yin makonni ba a shiga, musamman da hunturu ko bazara, ruwan tarkonsa yakan ƙafe da kansa. Zuba masa ruwa kofi biyu duk mako ya wadatar. Duba kuma robar da ta haɗa bayan masai da bututu, domin idan ta tsage wari na fita ta nan ko da tarko cike yake.

Idan duk waɗannan lafiya lau, yi wannan gwaji. Toshe kwamin, cika shi da ruwa, ka cire toshiyar gaba ɗaya. Saurari ƙarshen zubar. In ka ji ƙugi mai tsawo, haska tocila ta ramin, ko ka kwance kofin tarkon in mai siffar kwalba ne, ka ga yawan ruwan da ya rage. Sake cika tarkon a hankali, sannan ka sa wani ya kora masai kana kallo. Ruwan ya yi ƙasa? Zuƙa ce, bawul zai yi magani. Ya yi sama ko ya yi kumfa? Turi ne, koma ga bututun waje, ko kuma sokawen ya cika, ko akwai toshewa a gaba.

Wanda za ka saya

Iri biyu ne. Akwai ƙarami na kwami ɗaya ko na reshen da ya haɗa kwami biyu zuwa uku, mai shiga bututun inci 1¼ zuwa 2. Akwai babba na kan bututun masai, inci 3 ko 4. Duba jikin bawul ɗin kansa, kar ka tsaya a kwali. Na Turai yana ɗauke da lambar EN 12380. Na Amurka yana ɗauke da ASSE 1051 in na reshe ne, ko ASSE 1050 in na kan babban bututu ne. A na Turai za ka ga harafi da lamba. Wanda aka yi wa alamar A1 shi ne aka gwada daga sanyin digiri 20 ƙasa da sifili zuwa zafin digiri 60, kuma an yarda a sa shi ƙasa da bakin kwami. Shi ya fi dacewa da ƙasar zafi.

Na Amurka kan zo da wata lamba da DFU a gefenta, wato yawan kayan da zai iya shayarwa da iska. A lissafin IPC kwamin wanke hannu 1 ne, na kicin 2, shawa 2, masan gida na zamani 3. Tara na duk abin da ke kan reshen, ka sayi wanda lambarsa ta fi jimillar. Ga kwami ɗaya, mafi ƙanƙanta ma ya ishe ka.

Akwai wani baƙi mai araha da sifirin a ciki, wanda aka yi domin motocin kwana da gidajen tafi-da-gidanka. Kama ɗaya suke daga nesa. Sifirin yana tsatsa, kuma yana buƙatar zuƙa mai ƙarfi kafin ya buɗe, ta yadda kafin ya motsa tarko ya riga ya tafi. In babu ɗaya daga lambobin can a jikinsa, ajiye wa mai shago kayansa.

Abu na ƙarshe, yanko guntun bututun gidanka ka tafi da shi kasuwa. Inci 1½ na Amurka da inci 1½ na Ingila ba kauri ɗaya ba ne, zaren murɗinsu ma ya bambanta, kuma kayan ƙasashe daban-daban ne ke cakuɗe a shagunanmu. Gwada haɗin a gaban mai shago.

Ɗaura shi a ƙarƙashin kwamin kicin

Mu ɗauki yanayin da aka fi samu: bututun ruwan datti ya fito daga ƙasa a tsaye, tarkon kwami kuma ya juya ya faɗa cikinsa kai tsaye. Wannan haɗi, mai siffar harafin S, shi ne sarkin zuƙe kansa, domin ruwa na fita daga tarko yana samun gangara a tsaye. Abin da za a yi shi ne a sa ruwan ya ɗan yi tafiya a kwance tukuna, a kuma ba shi iska a daidai inda zai juya ƙasa.

Kayan aiki: bawul da adaftarsa mai zare, haɗin ti ɗaya (mai siffar harafin T), tarko mai fita ta gefe, bututu kamar mita 1, gam na bututu, farin tef na haɗin famfo, zarto, samfefa, tef na awo, fensir, lebur irin na magina, bokiti da tsumma. Wajen ti, nemi na ruwan datti, wanda bakinsa na gefe ya ɗan zame ya lanƙwasa, ba mai kusurwa tsaye irin na ruwan sha ba.

Da farko ajiye bokiti a ƙasa ka kwance tsohon tarko. Cusa tsumma a bakin bututun da ya fito daga ƙasa don wari, amma bar jelarsa a waje yadda ba za ka manta da shi ba.

Ɗaura sabon tarkon a gindin kwami ba tare da ka matse ba, ka ga tsayin da bakinsa na fita ya tsaya. Yi alama a jikin bututun tsaye. Bakin ti na gefe zai zauna ƙasa da wannan alama kaɗan, gwargwadon gangarar santimita 2 a kowace mita. Kar ka ce bari in ƙara gangara don ruwa ya fi gudu. In faɗuwar guntun da ke kwance ta wuce faɗin bututun kansa, ruwa zai toshe hanyar iska, ka dawo gidan jiya. Tsawon guntun ma yana da iyaka ta ɓangare biyu. Kada ya gaza ninki biyu na faɗin bututun, wato kusan santimita 8 a bututun inci 1½. Kada kuma ya wuce mita 1.8 a inci 1½, ko mita 2.4 a inci 2, a ma'aunin IPC. A cikin kabad ba za ka kusanci wannan ba, amma gajere ya fi.

Yanke bututun tsaye daidai, kada yankan ya karkace. Goge bakin da samfefa ciki da waje, domin gashin roba da zarto ya bari shi ne ke kama zaren soso da ƙwayar shinkafa har toshewa ta fara. Cire tsumman. Zura ti ɗin, lanƙwasarsa na kallon ƙasa, yadda ruwan da ya shigo ta gefe zai zame ya bi gangara. In ka kifa shi, ruwa zai riƙa fantsama sama wajen bawul.

A bakin ti na sama sa guntun bututu a tsaye. Ƙa'ida ita ce gindin bawul ya ɗara saman bututun da ke kwance da aƙalla santimita 10. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Ni dai shawarata ka haura da shi iya yadda kabad ya bari, ka rage kawai wurin da hannu zai shiga ya murɗe shi ya ɗago. Dalili kuwa, ranar da bututu ya toshe ruwan wanke-wanke zai hau, kuma in ruwan maiƙo ya taɓa faifan, da wuya ya sake zama daidai. Kafin ka yanke guntun, riƙe bawul ɗin a wurin ka gwada cire shi. Mutane kan manne komai tsaf sannan su tarar kwanon kwamin ya tokare hular.

Haɗa komai a bushe tukuna, ba gam. Ɗora lebur a jikin guntun tsaye. Masu ƙera bawul sun yarda da karkata har digiri 15, amma ba dalilin da zai sa ka ci wannan rangwame. Ja layi da fensir a kan kowace mahaɗa, ya ratsa ɓangarorin biyu, don in ka shafa gam ka san inda za ka tsaya, tunda gam ba ya jira.

Yanzu ka ajiye bawul ɗin can nesa, ka manne sauran. Shafa gam a bututu da cikin soket, tura, ɗan murɗa har layin fensir ya haɗu, riƙe na rabin minti. Manne adaftar a saman guntun tsaye. Bar shi ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwanin. Gam ko ɗigo ɗaya kada ya kusanci bawul, kuma kada a manne shi a bututu ko da mai aikin ya ce maka, "Alhaji, haka ya fi ƙarfi." Abu ne da za a canza wata rana. Naɗa farin tef zagaye biyu ko uku a zarensa, ka murɗa da hannu har ya tsaya. Ba a sa masa sifana.

Saura iska. Kabad mai ƙofar katako yawanci yana da 'yan kafofin da suka isa. In an gina shi da bulo an yi masa ƙofa mai kamawa gam, huda ramuka a gefe ko a sa ƙaramar raga. Wanda za a ɓoye a bango kuma, a yi masa akwati da murfi mai tagogi wanda ake buɗewa. Mai tayil zai so ya shafe wurin don kyau, kar ka bari. In ginin sabo ne, toshe adaftar da murfi har a gama filasta da fenti, sannan a kawo bawul.

Babban na kan bututun masai

Wannan aikin ya fi sauƙi a hannu amma ya fi buƙatar tunani. Ana sa shi a ƙarshen babban bututu ta sama, inda da zai huda rufi, a gidan da ya riga ya mallaki wani bututun iskan a buɗe. A ƙa'idar IPC ya ɗara bakin abu mafi tsayi da ke zuba a bututun, galibi kwamin wanke hannu, da aƙalla santimita 15. In cikin silin zai zauna, a tabbata akwai ƙofar hawa kusa da shi, kuma ya ɗara duk abin da aka shimfiɗa na tare zafi da santimita 15.

Sai dai ina da ja a kan cikin silin a ƙasarmu. Ƙarƙashin kwano a watan Afrilu zafi ya fi na waje nesa ba kusa ba, ga ƙurar hunturu da ke taruwa a can shekara da shekaru ba mai sharewa. Roba ba ta son ko ɗaya. In da hali, tsayar da shi cikin banɗakin a akwati mai raga kusa da silin, inda ido ke kaiwa. Haka nan kar a bar shi a waje rana na dukansa, sai in an rubuta cewa na waje ne. Gida mai hawa uku zuwa sama kuwa, a nemi injiniya ya lissafa, domin a nan turin iska a ƙasan bututu ya fi zuƙa zama matsala.

Gwaji da kulawa

Cika kwamin ka saki ruwan gaba ɗaya, sau biyu ko uku. Shafa busasshen tsumma a kowace mahaɗa ka ga ko ya jiƙe. Riƙe siririn yankin takardar goge hannu kusa da tagogin bawul: lokacin da ruwa ke gudu za ka ga ta manne, wani lokaci ka ji ɗan sauti kamar shaƙar numfashi. Wannan daidai ne. Ƙugi ya kamata ya ɓace. Sa a kora masai, ka sake duba ruwan tarko.

Bayan haka abin da yake nema kaɗan ne. In hunturu ya wuce, murɗe shi ka duba tagogin. Yanar gizo-gizo, ƙura, gawar kyankyaso, har zanzaro yakan yi gininsa na laka a irin waɗannan kafofi. Wanke shi da ruwa zalla, ka bar shi ya bushe, ka mayar. Kar ka fesa masa maganin sauro ko ka shafa masa mai, suna cin roba.

Lalacewarsa iri biyu ce. In ya maƙale a buɗe, za ka ji wari a cikin kabad ko da tarko cike yake. Rufe shi da leda ka ɗaure da roba na yini ɗaya ba a amfani da kwamin. In warin ya ɗauke, shi ne. Ko kuma ka cire shi, ka nutsa gindinsa a miƙe cikin kwanon ruwa: mai lafiya zai riƙe iskar da ke ciki ya ƙi nutsewa, wanda leɓensa ya mutu zai saki iska ruwa ya hau.

In ya maƙale a rufe, ƙugi zai dawo, ruwa ya riƙa tafiya a hankali. Cire shi ka saki ruwa. Amma a nan kar ka yi saurin yanke hukunci don ka ga ruwa ya gudu, domin bututu mai fama da turin iska shi ma yakan saki in an buɗe masa baki. Ɗora takardar nan a bakin adaftar. In an zuƙe ta ciki, bawul ne ya mutu, sayo sabo mai lamba ɗaya ka murɗa, aikin minti biyu. In kuwa an huro ta waje da wari, bawul ɗinka lafiyarsa ƙalau. Mayar da shi, ka ɗauki tsani ka je ka duba bakin bututun iskan waje, in shi ma a buɗe yake, a ɗaga murfin sokawe a ga inda ruwa ya kai, daga sama, ba tare da kowa ya zura kai ciki ba.